Fuskar Kawu a Bangon Inna

Zuwa ga Kawu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Inna na gaishe ka. Ni ma ina gaisuwa, sai dai tawa da tambaya a bayanta.

Ka tuna bangon gidan Inna da na zana fuskarka lokacin zaɓe, na rubuta alkawuran jam'iyyarku a ƙasa? Ruwa, hanya, makaranta, asibiti. Yanzu ku ne masu rinjaye a majalisa, kun ci watanni, mutanen unguwa kuma ni suka tasa a gaba, don ni na bi su gida-gida. Kullum mai walda na unguwarmu sai ya ce, "Mai fenti, ruwan naku a bango kaɗai yake zuba?"

Ban yi makaranta mai zurfi ba, amma ko jaridar da aka ƙunshe min ƙusa a ciki sai na karanta ta. Ruwa, kun kafa kwamiti, kwamitin ya haifi ƙaramin kwamiti. Hanya, katafila ta zo aka ɗauke ta hoto, ta koma. Makaranta kam kun taɓuka, an yi sabon rufi, ba zan ci haƙƙinku ba.

Asibitin ne ya hana ni sukuni. Ranar ƙudirin sa ungozoma a ƙananan asibitoci dare da rana, na rufe shago na hau benen 'yan kallo. Shugaban majalisa ya ce masu so su ce "eh", masu ƙi su ce "a'a". Aka kaure da ihu kamar kasuwar awaki. Ya buga guduma, wai a'a ta yi rinjaye. Da kunne ake ƙirga mutane, Kawu? Na zuba wa bakinka ido, wani mai ƙatuwar hula ya kare ka.

Me ka ce? Matar mai walda a ƙofar asibitin nan ta haihu, ƙofa a kulle, jaririn bai zo da rai ba. Mai walda ya sayo farar ƙasa, ya ce ko in shafe fuskarka da hannuna ko ya shafe da nasa. Na roƙe shi ya jira amsarka.

Ka huta lafiya.
Ɗanka, mai fenti

*

Zuwa ga Bakin Reza,

Bayan gaisuwa, ka gaishe min da Yaya, ka yi wa mai walda ta'aziyya.

Eh na ce. Amma ba ni da shaida, kuma duk wanda ka tare a cikinmu zai rantse maka eh ya ce. Amfanin ihun ke nan, yaro: kowa ya koma gida da farar fuska. Manyan jam'iyya sun riga sun yanke cewa asibiti sai baɗi.

Akwai wata ƙa'ida. Ɗan majalisa na iya neman a sake ƙuri'ar, kowa ya miƙe tsaye a gan shi. Wanda ya yi wa jam'iyyarsa haka, kujerar kwamitinsa ta tafi. Ni ne shugaban kwamitin makarantu, rufin da ka yaba nawa ne, kuma da sauran azuzuwan da ruwa ke dukan yara. Kai da ka iya karatu, wanne zan saki?

Allah ya yi maka albarka, ya rage maka kaifin baki.
Kawunka

*

Kawu,

Ina gaisuwa. Na kai wa mai walda amsarka. Ya ce, "Ni ma eh na ce, ina cikin shagona. Wa ya ji?"

Ban san wanne za ka saki ba, wallahi na juya abin har kaina ya yi zafi. Amma ka warware min wannan: in rufin makaranta sai da shirunka yake tsayawa, rufin yara ne ko na bakinka? Kuma su nawa ne irinka a ciki, masu eh a maƙogwaro, kowa na jiran wani ya fara tashi? Ina son in gani da idona. Zama na gaba ina bene, mai walda na gefena. Farar ƙasar tana jiƙe a bokiti.

Ɗanka

*

Kawu,

Barka da gajiya. Ba ka amsa wasiƙata ba, amma mun gan ka. Kai ka fara miƙewa tsaye. Wasu suka bi bayanka, har da mai ƙatuwar hula. Ba ku kai ba, ƙudirin ya sake faɗuwa, rediyo kuma ya ce an karɓe kujerarka ta kwamiti.

Daga majalisa muka wuce bangon Inna. Da muka iso mai walda ya ɗauki buroshi ya shafe kalmar ruwa, ya shafe hanya. Ya daɗe tsaye gaban kalmar asibiti, sannan ya bar ta. Ya dubi hotonka, ka san iya ƙirji na zana ka, ya miƙo min buroshin.

"Yi masa ƙafafu," in ji shi.

Na yi. Inna ta ce sun fi naka tsawo.

Sai ka zo.
Ɗanka, Bakin Reza