Wanda Ya Ce Daji Ba Ya Son Ƙarfe, Ya Zo Ya Warware

Zuwa ga shugabannin masu maganin gargajiya na kasuwannin bakin ruwa, tun daga Yawuri har Warra.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ku gaisuwar ƙarami ga manya, da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku. Allah ya ƙara wa dattawanku girma.

Ni makanikin injin jirgin ruwa ne a Warra, sifana na iya riƙewa, ba alƙalami ba. Na bi ku da ƙafata ban sami mai saurarona ba, wannan ya tura ni wurin wancan, wancan a ce ya tafi cin kasuwa. Shi ya sa na fito da maganar fili. A kan yayata Hassi ce, wadda ta goye ni bayan rasuwar Innarmu, yau ga ta kwance da ciwon daji a nono.

Kada a ɗauke ni maƙiyin saiwa da sassaƙe, da su aka raine ni. Kakanmu Basarke ne, masunci mai maganin ruwa, duk wanda ƙayar kifi ta maƙale wa a wuya gidansa ake kaiwa. Amma in aka kawo masa abin da ba nasa ba, cewa yake a yi gaba, bai san wannan ba. Ni kaina har gobe in basir ya motsa mini jiƙo nake sha. Ga abin da ya kawo ni.

Na ɗaya. Bara da damina Hassi ta ji wani ƙullutu a nononta. Na kai ta asibiti, likita ya ce a wuce Sakkwato a yi aiki, akwai sauran lokaci. Ta yarda, har ta wanke kayan tafiya. Ranar kasuwa ta kai bandar kifinta, sai wata mota mai lasifika ta tsaya dab da rumfarta, ta yini tana shela: "Daji ba shi son ƙarhe! Wanda duk ya bari anka taɓa shi da wuƙa ko allura, shi ya kira ajalinai!" Maganar ba sabuwa ba ce, duk mun taso muna jin ta a bakin tsofaffi. Sai dai tsofaffi ba da lasifika suke faɗa ba, kuma ba su da goran magani a hannu suna miƙawa. Hassi ta dawo gida da gora da ƙullin gari, ta kwance kayan tafiya.

Na biyu. Da wurin ya fashe, mai maganin ya ce dafi ne ke fita. Da ya fara wari, ya ce alamar sauƙi ce, a ƙara shafawa. Daga nan lambarsa ta daina shiga, motar ba ta sake dawowa ba. Goran ba suna, ba gari. Na tambaye ku, kun ce ba ku san shi ba, baƙo ne. To, ranku ya daɗe, a kasuwar da ko mai tafasa ba ta ajiye kwanonta sai an nuna mata wuri, wa ya nuna wa baƙo wurin tsayawa? In ba naku ba ne, da sunanku ya ci kasuwa. Ku kun fi ni sanin cewa wake ɗaya ke ɓata gari.

Na uku, kuma shi ne ya fi ci mini rai. Mutumin ya tafi, maganarsa ta zauna. Hassi ta cire 'yan kunnenta, ta ajiye cokali ta koma ludayi. Wuƙar gyaran kifin da ta ci da mu tun muna yara, ta sa an fitar da ita daga ɗakinta, sana'ar ta mutu. Da ƙyar muka sake kai ta asibiti bana, likita ya duba ya ce lokacin aiki ya wuce. Abin da ya rage shi ne allurar rage zafi, ita ma ta ƙi. Limamin unguwa ya yi mata nasiha, ma'aikaciyar asibiti ta biyo ta har gida, ni na durƙusa gabanta na yi kuka da gemuna. Amsarta ɗaya: "Ku ƙyale ni, allura ma ƙarhe na. Kai makaniki, mi kas sani ga magani? So kake a kwance ni kamar inji." A da in ta yi mini irin wannan tsiya dariya nake. Yanzu tana faɗa tana cizon zane, maƙwabta na jin nishinta ta bayan danga.

Na san abin da ke kai mutane wurinku. Asibiti da nisa, wani sai ya ƙetare ruwa, in ya isa kuma a daka masa tsawa. Ku kuna kusa, kuna kiran mutum da sunansa, kuna yi masa sannu. Shi ya sa maganarku take da nauyin da tawa ba ta da shi, shi ya sa kuma ba za ku ce ba ruwanku ba.

Roƙona biyu ne. Na farko, ku hana faɗin wannan kalma ta "daji ba ya son ƙarfe" a lasifika, domin Hassi ba ita kaɗai ke da rumfa a kasuwa ba. Wannan na faɗa ne don in sauke nauyi, ban sa rai ba, don na san ba a cika samun mai rage wa kansa ciniki ba. Na biyun shi ne na gaske. Dattijo ɗaya daga cikinku, wanda Hassi za ta gani ta san mai magani ne, ya zo ya zauna bakin tabarmarta ya ce mata allurar rage zafi ba ta tayar da daji. Ba sai ya ƙaryata kowa ba. Ni zan ɗauko shi a jirgi in mayar da shi. Daga bakin irinku maganar ta shiga, ba za ta fita ta bakin wani ba.

Allah ya sa albarka a hannuwanku, ya tsare matanku da 'ya'yanku daga wannan ciwo, kada ya nuna muku abin da nake gani. Ba warkewa nake nema mata ba, wannan ya riga ya wuce mu. So nake zafin ya lafa mata ko kaɗan, ta samu ta yi kalmar shahada da bakin da ba ihu yake ba.

Wassalam.

Naku,
Ƙanen Hassi, makanikin injin jirgi, Warra.