Kofin Ruwan Baba

Zuwa ga Yaya Hassana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan kuna lafiya, ke da Mama da duk mutanen Kurmin Mashi. Yaya ƙarin haƙurinmu? Allah Ya jiƙan Baba.

Ni lafiyata ƙalau a Leeds, aikin asibiti sai godiya. Ki ce wa Mama ina cin abinci. Mai gidan da nake haya ta bar mini maikirowef, na'urar ɗumama abinci, ta koya mini dokokinsa: ba a sa cokali ko kwanon silba, a rufe abinci, a juya shi don tsakiya ta yi zafi, kuma kada a kunna shi babu komai ciki. Don kada in manta in kunna shi haka, kullum ina barin ruwa a cikinsa, a kofin tangaran ɗin da Baba ya ba ni ranar tahowata.

Yaya, kada ki gaya wa Mama wannan. Tun sadakar bakwai, in na cika kofin da safe na fita, da la'asar sai in tarar da shi a bushe. Ni kaɗai ke da makulli. Jiya har zare wayar wutar maikirowef ɗin na yi daga bango, amma haka na same shi, da ɗuminsa.

Ba tsoro nake ji ba. Ki sa Malam Sabo ya yi mana addu'a, a gaida su Fahad.

Sannan don Allah ki gaya mini gaskiya: ranar da Baba zai cika, da ya nemi ruwa, an ba shi?

Ƙanwarki,
Umaima