Rasuwar Mista Alwyn Threlfall, Mai Jitar Garin Morecambe

Cikin alhini da nauyin zuciya, Kwamitin Zartarwa na Ƙungiyar Tsofaffin Makaɗan Gaɓar Lancashire ke sanar da 'ya'yanta da ɗaukacin jama'a cewa mun samu labarin rasuwar dattijonmu, Shugaban Girmamawa na Dindindin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa wannan ƙungiya, Mista Alwyn Threlfall, wanda ya cika da safiyar Litinin yana da shekara tamanin da biyu, bayan jinyar mako biyar.

Marigayin ya fara riƙe jita yana ɗan shekara goma sha huɗu, lokacin da kiɗan rok an rol ya shigo gari iyaye na toshe kunne, kuma bai ajiye ta ba sai da aka kwantar da shi a asibiti. Shi da amininsa, mawaƙi Mista Desmond Garstang, su suka kafa ƙungiyar kiɗa ta Samarin Gaɓa, suka zagaye zaurukan rawa daga Blackpool har Glasgow cikin wata tsohuwar motar kifi wadda, in ji uwargidansa, ƙarninta bai bar kwat ɗinsa ba har aka ɗaura musu aure. Bai zama tauraron duniya ba, bai kuma taɓa nuna abin ya dame shi ba. Amma kaf wannan gaɓa, da wuya a sami mai jitar da bai zauna a kicin ɗinsa ya sha shayi mai kauri, ya sha faɗa a kan riƙon tsirkiya ba.

Kowa ya san faifansu na 1963, “Jar Laima”. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, a ƙarshen shimfiɗar waƙar, dab da shigowar murya, yatsan marigayin ya zame ya faɗa kan tsirkiyar da ba ita ba. Wasu makaɗan na tsaye a ƙofar ɗakin ɗaukar sauti suna jiran layi, aka hana su sake ɗauka, faifai ya fita da kuskurensa. Jama'a kuwa suka ƙaunace shi a haka. Shekara sittin yana maimaita wannan zamiya a kowane dandamali, yana gunaguni, domin duk ranar da ya gyara sai zaure ya ɗauki ihu.

Shekara shida ke nan da cutar mantuwa ta kai Mista Garstang gidan kula da tsofaffi. Ba ya gane 'ya'yansa, ba ya haɗa magana. Amma kowace Alhamis da ƙarfe biyu, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara, marigayin kan je can da jitarsa ya kaɗa masa “Jar Laima”, kuma da zarar wannan sautin kuskure ya fito, sai Mista Garstang ya ɗaga kai ya rera waƙar daga farko har ƙarshe, kalma ɗaya ba ta faɗuwa. Minti uku ke nan a mako da iyalansa ke samun mahaifinsu.

Dole mu faɗi gaskiya ko da a takardar ta'aziyya ce. Da marigayin ya kwanta, mai sa hannu a wannan sanarwa ne ya karɓi aikin, ya je sau huɗu, kuma sau huɗun hannunsa ya ƙi yin kuskuren, ya kaɗa waƙar tsaf. Mista Garstang ya yi ta kallon taga. Da na kai rahoto asibiti, marigayin ya janye abin numfashi ya ce: “Kai Norman, shekara arba'in kana kwafsawa a bayana ba wanda ya roƙe ka, yau an ce ka kwafsa sau ɗaya ka kasa? Tashi ka ba ni wuri.” Maganarsa ta ƙarshe da ni ke nan, kuma ina jin kunyarta har yanzu.

Ƙungiya na miƙa ta'aziyyarta ga uwargidansa, Madam Maureen Threlfall, da 'ya'yansu Gillian da Howard, da jikoki biyar, tare da addu'ar Allah ya ba su haƙuri da ƙarfin zuciyar ɗaukar wannan babban rashi. Za a yi jana'iza ranar Juma'a da ƙarfe goma sha ɗaya a cocin unguwarsu. Madam Threlfall ta ce kada kowa ya wahalar da kansa da furanni, abin da take roƙo ɗaya ne: kada Alhamis ta wuce ba a je ba.

An gaya wa Mista Garstang labarin sau biyu, sau biyun ya manta. Jibi za a sa masa kwat ɗinsa, a zaunar da shi kusa da ƙofa kamar kullum. Madam Threlfall ta ba ni jitar marigayin, kuma tun Litinin nake koyon zamiyar nan. Ban san ko zai karɓa daga hannuna ba. Ƙarfe biyu dai za ta same ni a can.

Sa hannu:
Norman Ollerton
Sakataren Yaɗa Labarai
Ƙungiyar Tsofaffin Makaɗan Gaɓar Lancashire