Ran da Kika Roƙa a Kotu

Zuwa ga jikata, amaryata,

Bayan gaisuwa, ya mahaifiyarki da ƙannenki? Ni lafiya lau, sai gwiwar nan da ke ɗan ƙorafi a wurin guga.

Na ji kin roƙi alƙali kada a rataye wanda ya kashe babanki, a bar shi a kurkuku har ƙarshen ransa, kuma an amsa. Don murna, kowa a shagon wanki sai da na ba shi labari. Mai ninke kaya ya ce, "Baba, da ni ne, sai na ga gawarsa." Direbanmu ya ce, "Kai da ko kaza ba ka iya yankawa!"

An ce baffanninki sun daina amsa gaisuwarki. Karanta musu wannan: babanki ɗana ne kafin ya zama wansu. Har yau hannuna yakan tsaya in na ɗauko riga mai faɗin kafaɗarsa. Amma igiya ba za ta dawo da shi ba.

Da hannuna na rubuta, albarkacin makarantar yamma, don kada su ce wani ya yi ƙari. Wanda ya ƙi gaisuwarki, tawa ya ƙi.

Allah ya yi miki albarka.

Kakanki