Lasifikar da Na Sa Marwan Ya Ɗaura

Sabon Birni.

Zuwa ga ɗana Ubaidullahi, a Ikko.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Sa'adiya da yara duka. Allah Ya raya su, Ya tsare ku a wannan gari mai yawan jama'a. Mu nan sai godiya. Gero ya yi kyau inda aka samu damar nomawa, ko da yake gonarmu ta wajen Gangara bana ma ba wanda ya taka ta. Gwaggonka Fatu ta samu sauƙin ido, Ni'imatullahi matar ƙanenka Marwan kuma ta yaye ɗanta. Ni dai jiki ya yi nauyi. Ka yi haƙuri da rubutun, hannun da ya shekara talatin yana riƙe alli yanzu biro ma gagararsa yake. Tun rasuwar matata Inno gidan ya yi mini faɗi. In ba Marwan ya shigo da safe ya ɗebo mini ruwa mun ɗan taɓa hira ba, sai in wuni ban ji muryar kowa ba sai ta kaji.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne saƙon murya da ka aiko wa ƙanenka. Ba shi ya kawo mini ba, matarsa ce ta zo tana hawaye ta kunna mini. Na ji ka ce gidan gem ɗin nan, shagon wasan talabijin da ka buɗe masa a bakin kasuwa, shi ya cinye shi, ya tattara injinan wasan da talabijin ya ɗora a motar Yero direba a kawo maka. Sannan ka kira shi ɓarawo. Wallahi sai da na sa ta sake kunnawa, don ban yarda muryarka ce ba. Ciki ɗaya kuka fito, Ubaidullahi. Tun da ubanku ya rasu aka bar mini ku, ban taɓa jin wannan kalma tsakaninku ba.

Jiya na dogara sanda na zaga da kaina don in ga me ya kashe cinikin, abin da na gani kuwa ya ɗaure mini kai. Samarin da a da suke layi a ƙofar shagon na iske su a gindin darbejiya, kowa ya sunkuya a kan wayarsa, ƙwallon nan dai da tseren mota suke yi, ba wanda ya karɓi ko sisi a hannunsu. Isah mai cajin waya ya ce mini da kuɗin kofin shayi yake zuba wa mutum wasa goma a waya. Usaini, ɗan kasuwar nan da ke kai muku faifan wasa Maraɗi, ya nuna mini kwalin da ya dawo da shi ko buɗewa ba a yi ba. Ya ce can an gaya masa wasu sababbin injinan ma ba su da bakin da ake sa faifai, ta iska wasan ke sauka. Na riƙe baki. Ga tsadar man janareta, ga gidajen da suka kwashe iyalansu suka koma Sakkwato ko suka tsallaka Nijar saboda halin da muke ciki. Kai da bakinka ka faɗa mini da Sallah cewa a Ikko ma abokan sana'arka suna rufe shaguna, har masu ƙera wasannin can ƙasashen waje suna sallamar ma'aikata. To abin da ya kayar da manya, yaya zai bar na Sabon Birni a tsaye?

Amma akwai abin da Marwan ya ɓoye maka, kuma saboda ni ya ɓoye. Da ciniki ya fara ja baya, ni na ba shi shawara. Na ce tun muna yara ba a sayar da haja a kasuwar nan da baki rufe, ya dubi masu maganin gargajiya yadda lasifika ke tara musu jama'a. Ya ce shi yana ganin ba sai an yi haka ba. Na matsa, har na ce masa yaran yanzu ba su jin maganar manya. Ranar kasuwa ya aro babbar lasifika ya ɗaura a kan rumfa, ya haɗa ta da injin. Ni a zatona ihun ƙwallo za a ji. Ban san a cikin faifan akwai na yaƙi ba, rashin sani ya fi dare duhu. Da hantsi kasuwa ta cika, wani saurayi ya sa na harbi, sai ƙarar bindiga ta tashi a kan mutanen da suka san wannan ƙara a zahiri.

Ɗana, ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Kafin Marwan ya kai hannu ya zare waya, kasuwa ta watse. Mata suka zubar da ƙoren nono, masu babur suka bar baburansu a kwance, shanu suka tsinke daga kara. Wata mata daga Kurawa mai suna Halimat ta faɗi da goyo a baya, aka bi ta kanta, ta karye a ƙafa. Allah Ya kiyaye jaririn. Ni ina zaune a kan benci a ƙofar shagon, ina ɗaga sanda ina cewa wasa ne, wasa ne, ba mai jina. Da dattawan unguwa suka kira Marwan, ina wurin, ya ce shi kaɗai ya yi tunanin abin. Na buɗe baki, kunya ta rufe shi. Babur ɗinsa ya sayar ya yi jinyar matar. Tun daga ranar iyaye suka hana 'ya'yansu taka shagon, wasu ma in za su wuce sai su canza hanya. Wata huɗu ke nan yana ɗauke da kayana a kansa, ga kuma naka da ka ɗora masa.

Yanzu ya riga ya ɗaure injinan a kwali, ya ce ba zai riƙe maka ko allura ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali, ya gaya wa matarsa cewa ranar Juma'a bayan an sauko masallaci zai bi masu tafiya haƙar zinariya can bayan Agadas. Ya ce gara rami da garin da ake nuna shi da yatsa, ɗan'uwansa kuma yana kiransa ɓarawo. Ka san mutum nawa suka bi hanyar nan ba a sake jin labarinsu ba. Na roƙe shi, ya sunkuyar da kai ya ce in yi masa addu'a kawai.

Gobe za ni tsaya gaban dattawa bayan Azahar in faɗi gaskiya, wannan nawa ne. Naka kuma ba mai yi maka shi. Kayanka ne, ka karɓa in kana so, ban ce ka ci gaba da sana'ar da ta mutu ba. Amma magana zarar bunu ce, wanda ya zare shi ne zai san yadda zai toshe wurin. Na ce Isah ya ɗauki hoton takardar nan ya tura maka yau, don in na jira motar Yero za ta iso a makare.

Ka gaishe mini da Sa'adiya da kyau, da Hafizullahi da ƙannensa, da Malami maƙwabcinka da ya yi mini hidima lokacin da na zo asibiti. Gwaggonka Fatu tana gaishe ku. Marwan bai san na rubuto ba. Yau Talata, Ubaidullahi. Ka kira shi da muryarka, kada ka aiko saƙo.

Wassalam.

Ni ne baffanka,
Kalilu Sodangi.