Tulun da ke Tagar Darrasa

Darrasa, Alƙahira
12 ga Maris, 2013

Inna,

Assalamu alaikum. Ya jikin naki, ƙafar ta yi sauƙi? Ki gaida Kawu Harun da su Ihsan. Ni lafiya lau, karatu na tafiya, kada ki sa damuwa a ranki.

Sai dai zan tashi daga gidan nan. Gidajen layinmu sun haura shekara ɗari biyu, kowanne bango ɗaya ya haɗa shi da maƙwabcinsa. Watan jiya aka rushe na damanmu, sai namu ya tsage daga sama har ƙasa. Tsohon da ya ba mu haya ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri 'yata, gidan da aka ɗauke wa abin jingina ba ya tsayuwa."

Ɗakinmu yana da tagar katako mai ƙananan ramuka, da gurbin da magabata suka yi don ruwan tulu ya sha iska. Nan mijina Malam yake ajiye nasa tulun. Wata bakwai ke nan da rasuwarsa, amma kullum da safe sai na cika shi, kamar yadda na saba tun ina amarya.

Sabon ɗakin akwai firji, Inna. Ban san inda zan ajiye tulun ba.

Ki sa mu a addu'a, ni da Malam.

'Yarki,
Baraka