Inda Suka Kashe Rikoda

Zuwa ga Mama,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Mu nan Kafanchan lafiya lau, cittarki ta Kwoi ma ta yi kyau bana.

Jikarki Saratu za ta yi aure bayan Kirsimeti. Matan gidanmu sun ce ni zan ja waƙar rakiyar amarya, wadda kike yi da yarenmu, tunda ni ce babbar 'yarki. Mama, rabi kawai na riƙe. Gwaggo Laraba da ta san sauran ta bi ki bara.

Sai na tuna mutanen jami'a. Kin tuna su? Waɗanda suka zo da farar mota ina 'yar sakandare, suka zaunar da ke gindin mangwaro, suka kafa miki rikoda. Kika yanka musu zakaranki. Shugabansu ya ce muryarki ta shiga tarihi ke nan, jikokin jikoki za su ji. Kika sa zanen zumuntar matan coci don a ɗauki murya kawai, muna ta yi miki dariya.

To, na je jami'ar. Wuri ne gari guda, Mama. Tun daga ƙofa an kafa allo ya fi bangon cocinmu tsawo, an jera manufarsu: koyarwa, bincike, hidima ga al'umma, adana al'adu. Su ne masu likitanci, su ne masu lauyanci, injiniya, aikin gona, har da ilimin taurari. A sashen harsuna akwai Faransanci, akwai Larabci, ga Sinanci an kawo sabo. Yaren da kika haife ni da shi kuwa, ko a jikin ƙofar bayan gida ban ga sunansa ba.

Hidima ga al'umma! Al'umma ta yini a kan benci, ko ruwa ba a ba ta ba. Wannan ya tura ni sama, wancan ya turo ni ƙasa. Wata sakatariya ta dube ni daga ɗankwali zuwa silifa, ta tambaye ni ko ni mai bincike ce. Na ce ni 'yar abin da aka bincika ce. Shi shugaban nan nasu, wanda yanzu farfesa ne, an ce ya tafi ƙasar waje gabatar da takarda a kan harsunan da ke mutuwa. Ashe gawa ma tana da masu cin abinci a kanta.

Daga ƙarshe wani malami ya nemo ki a kwamfuta. Ya danna.

Mama, muryarki. Na zauna a ƙasa a ofishin mutane.

Suna faɗin kalma da Hausa, kina mayarwa da yare. Ruwa. Wuta. Kare. Hanci. Ke da kike sa ango da ƙattin abokansa kuka, an sa ki ƙirga sassan jiki kamar 'yar aji ɗaya. Ina jin yadda kika gaji, don kin fara ja musu kalmomin yadda kike yi in baƙo ya ƙi tashi. Da suka gama sai kika gyara murya, kika ce, "To, yanzu in yi muku waƙar amarya?"

Ƙit. Nan ya ƙare.

Malamin ya ce aikin na nazarin sautuka ne, waƙa ba ta cikin tsarin binciken. Ya faɗa hankalinsa kwance, har yana ba ni shawara Saratu ta zo ta yi digiri na biyu a wajensu. Da hancinki da karenki mutum ya zama farfesa, amma kaset ya yi masa tsada ya bar ki ki yi waƙa. Na raina su, Mama, raini irin wanda kika hana ni yi wa mutane. Allah ya gafarta mini, har yau bai fita ba.

Na sani ni ma kin yi ta yin waƙar a gabana ina wanke-wanke. Kikan ce, "Kunne ba ya cika, Hannatu, zuba." Na ɗauka kina nan kullum.

Ranar bikin zan sa zanenki. Zan ja waƙar har inda na sani. In na kai inda ta yanke mini, ba zan ƙaga komai ba, zan riƙe hannun Saratu in yi shiru. Wurinki ne wannan.

Ubangiji ya ba ki hutu a gabansa. In kin tashi yi wa mala'iku waƙar, ya sa su bar ki ki kai ƙarshe.

Ni ce 'yarki,
Hannatu